Huɗu a Dama, Biyar a Hagu

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da Anti da 'yata Kurciya. Yaya ciwon bayan nan naka? Na san halinka, kana nan duƙe a kan babur tun safe har yamma kana cewa da sauƙi. Ni lafiya lau, sai 'yar mura. Mu huɗu ne a ɗaki a nan kwaleji, ɗaya kuwa minsharinsa kamar babur ɗin da salansa ta fashe, da kana kusa da na kawo maka shi ka duba.

Kwas ɗin da na zo yi na koyar da yara karatun Turanci ya fi yadda na zata. Ashe duk shekarun da na yi ina koyarwa haruffa nake ƙirga wa yara, alhali sauti ya kamata su fara ji. Ka ɗauki fish, wato kifi: haruffa huɗu ne a takarda, amma abin da baki yake fitarwa uku ne. Box kuma haruffa uku, sauti huɗu. Yaron da ya iya jin wannan, karatu ya zo masa da sauƙi.

To ga roƙona. Malamar su Kurciya ta ce tana baya a karatu, kuma ƙarshen zango za a gwada su a kan wannan ƙirgen kafin a wuce da su aji na gaba. Don Allah ka riƙa zama da ita kaɗan kullum. Ka faɗi kalma a hankali, ita kuma ta ɗaga yatsa ɗaya a kan kowane sauti. Ba baƙon abu ba ne a wurinta. Kafin in taho mun fara, ina riƙe hannunta na dama ina buɗe mata yatsu ɗaya bayan ɗaya, tana dariya wai ina mata cakulkuli. Tun rasuwar mahaifiyarta ban ji ta yi irin wannan dariyar ba. Na rubuta kalmomin a bayan takardar nan.

Ka ce mata Baba yana gaishe ta. Direban motar da ke kawo wasiƙa ya ce ya gan ta a ƙofar garejinka, wai ta yi tsawo.

Ƙaninka.

*

Zuwa ga Bature, ƙanina,

Wa alaikumus salam. Mun ga wasiƙarka, kowa lafiya. Baya yana nan yadda ka bar shi, ba ya gaba ba ya baya. Antinka ta ce ka sha ruwan zafi don murar, ka kuma daina wanka da sassafe kamar agwagwa.

Kai, amma ka ɗora mini aiki! Ni da na bar makaranta tun kana cin ƙasa, yau ni ne malamin Turanci. Maganar riƙe yatsu dai ba ta yiwu ba, don ka san hannuna, baƙin mai ne har gwiwar hannu, ranar farko na ɓata mata rigar makaranta Antinka ta kusa cinye ni ɗanye. Sai na yi dabara. Na ɗebo noti a gwangwani, ƙananan ƙarafan nan da muke ɗaure babur da su, na zube a kan benci, kowane sauti ta turo noti ɗaya. Wallahi ka ga yadda abin ya karɓe ta! Tana tasowa daga makaranta ko gida ba ta shiga, sai gareji: "Baba, kawo noti." Fish uku, kamar yadda ka ce. School biyar. Bread ma biyar. Har masu kawo gyara ta mayar ɗalibai, jiya ta tsare wani mai kai yara makaranta sai da ya ƙirga kafin ta bari ya tayar da babur ɗinsa.

Haƙorinta na gaba ya fita. A gareji ya faɗo, ta kawo mini a tafin hannu tana kuka tana dariya, na sa shi a kwalin ashana na ajiye a aljihun tebur. Yanzu in ta ce fish iska ce kawai ke fita ta gibin. Wani ya tambaye ni wai autata ce, kamarmu ɗaya, ni kuwa ban ɓata bakina wajen gyara masa ba.

Ka kwantar da hankalinka ka yi karatunka. Kukan nan da take yi da yamma na nemanka duk ta daina. Ta saba da mu sarai.

Yayanka.

*

Yaya,

Salamu alaikum. Ina fata kuna lafiya. Murar ta tafi, na gode wa Anti.

Na karanta wasiƙarka sau da yawa, kuma gara in faɗa maka gaskiya, ba ta yi mini daɗi ba.

Na farko, school ba biyar ba ne, huɗu ne. Bread ma huɗu ne. Kai kana cewa sukul, kana cusa wani sauti tsakanin na farko da na biyu, inda masu harshen ba su sa komai ba. Haka bakinmu ya saba, ban ce laifinka ba ne, amma ranar gwaji malama ba za ta tambayi abin da bakinmu ya saba ba. Idan ka ci gaba da haka za ka kayar da ita. Na ce yatsu, ka koma noti. Da ina son noti ai da na ce noti. Don Allah ka mayar da su gwangwaninsu.

Na biyu, tun yaushe Baffa ya koma Baba? Da na bar ta Baffa take ce maka. Kuma mutum ya ce 'yarka ce ka yi shiru, har kana rubuto mini kamar abin dariya. Ni ban yi dariya ba. Ranar da wasiƙar ta zo ko abincin rana ban iya ci ba, na zauna a aji malami yana magana ina kallon bakinsa ban ji ko kalma ɗaya ba.

Ka ce ta daina nemana. Madalla, sannunka da ƙoƙari. Ni nan kullum in na ɗaga yatsu a aji nata nake gani, ashe can an riga an shafe ni, an maye gurbina da gwangwanin noti.

Haƙorin nan ka ba direba ya kawo mini. Na farko ne, kuma ni ne ubanta.

Ga 'yar takarda nan daban ta Kurciya, ka karanta mata yadda na rubuta, kada ka rage komai.

"Kurciyata, Baba ne. School huɗu ne, bread huɗu ne. Da hannun dama ake ƙirgawa, yadda muke yi ni da ke. Duk wanda ya ce miki biyar kada ki yarda. Idan kina son Baba ki ɗaga huɗu."

Ƙaninka.

*

Yaya,

Salamu alaikum. Ina fata dai lafiya, don shirun ya yi yawa. Duk ranar da motar ta shigo sai na je tasha, direba har ya fara kau da kai in ya hango ni. Ya ce yana ganin garejinka a buɗe, kana ciki kana aiki, don haka na san ba ciwo ne ya hana ka ba. Babu wasiƙa, babu haƙori.

Na gane. Na faɗi abin da ba ka so, shi ne ka rufe ni waje, ka riƙe yarinya kai kaɗai. Tun muna yara haka kake, duk abin da aka ba ka ajiya sai ya zama naka. To wannan ba keke ba ce.

Na yi magana da wata malama a nan, tana zaune da iyalinta a gidajen ma'aikata, bayan ɗakin karatu. Ta yarda Kurciya ta zauna wurinta har in gama, akwai makaranta a nan cikin kwaleji. Da an yi hutu zan zo in ɗauke ta. Ka gaya wa Anti ta haɗa mata kayanta. Na gode da ɗawainiyar da kuka yi, Allah ya saka.

Ƙaninka.

*

Ƙanina,

Wa alaikumus salam. Lafiyarmu ƙalau ta jiki. Wasiƙunka biyu duk sun zo.

Ban yi shiru don in rufe ka waje ba. Na zauna na rubuta amsa na yaga, na sake na yaga, don abin da ke fitowa daga alƙalamin ba na rubuta wa ɗan'uwa ba ne. Yanzu tunda ka ce za ka zo ka ɗauke ta, bari ka ji komai.

Ka ce an shafe ka. Haba! Na ce ta daina kuka don hankalinka ya kwanta, kai kuma ka ɗauke shi ka soka wa kanka. To ji wanda ban rubuta ba. Duk lokacin da motar nan ta yi hon a bakin titi, ko muna tsakiyar ƙirge, sai ta watsar da notina ta ruga ko takalmi babu. In babu wasiƙa ta dawo ta zauna a kan tsohuwar taya, ba ta kula kowa. Ni ne na goya ta zuwa asibiti da zazzaɓi ya kama ta, da wannan bayan nawa, ni na riƙe ta aka yi mata allura, tana buɗe ido ta ce Baba ya zo? Ba ni take nufi ba, na sani. Kana can kana kishina, ni ina nan ina kishinka, kai da ko wankin safarta ba ka yi. Allah bai ba mu haihuwa ba ni da Antinka, ka sani. Ranar da ta fara ce mini Baba na shiga bayan gareji na daɗe ban fito ba. Ban hana ta ba, kuma ba zan yi maka ƙarya in ce na yi niyyar hanawa ba.

Takardarka na karanta mata da bakina, ban rage komai ba. Duk wanda ya ce miki biyar kada ki yarda. Ina karantawa tana kallona, don ta san waye mai cewa biyar. Ta ce, "Kai ma kana so in ɗaga huɗu?" Ni kuwa raina a ɓace yake, na ce mata, "Ki ɗaga abin da kika ga dama, ni ai bakanike ne." Na kwashe notin na jefa gwangwanin can saman kantar kayan aiki.

Ranar gwaji aka aiko daga makaranta wai in zo. Na tafi da kayan aiki a jikina. Malamar ta ce tana kiran yara ɗaya bayan ɗaya gaban aji, ta faɗi kalma su ɗaga yatsu. Kurciya ta ci fish, ta ci cat, ta ci box. Da aka zo school sai ta ɗaga hannu biyu, huɗu a dama, biyar a hagu. Malama ta ce ta sauke ɗaya. Ta ƙi. Ta lallashe ta, ta ƙi. Yara suka fashe da dariya, wani ya ce tara ke nan. Ta tsaya a haka, hannuwa a sama, hawaye na zuba har cikin gibin nan, ba ta sauke ko ɗaya ba. Da na shiga ajin haka na same ta. Na durƙusa na ce, "Sauke hagu, nawa ne, na yafe." Ta girgiza kai. Sai da na ɗauke ta cak na fita da ita, hannuwan suna sama har bakin ƙofa.

A gida ta gaya wa Antinka dalili, tana mata kitso. Wai dama na Baban mota ne, hagu na Baban gareji. In ta sauke dama ba za ka dawo ba, in ta sauke hagu ni ba zan ƙara sauko da gwangwani ba.

Tun ranar ba ta ƙara ƙirga komai ba. In aka ce fish sai ta cusa hannuwa a hammata. Malamar mutuniyar kirki ce, ta ce za ta sake gwada ta bayan hutu.

'Yarka ce, ba ni da bakin hana ka. Antinka ta wanke kayan ta ninke, tana ninkewa tana share ido. Amma in ka zo, kai za ka gaya mata hannun da za ta sauke. Ni na gwada, ta ƙi ji.

Haƙorin yana nan. Na ɗauko in ba direba, hannuna ya ƙi.

Yayanka.

*

Yayana,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaishe da Anti. Yaya baya? Ka goya mini yarinya da shi har asibiti ban sani ba, ina nan ina lissafin wanda aka kira Baba.

A tasha na buɗe wasiƙar, a tsaye. Da na zo wurin hannu biyun nan sai na zauna a kan buhun wani, mai shi ya zo zai yi masifa ya ga fuskata ya fasa. Idan kina son Baba ki ɗaga huɗu. Ni na rubuta wannan, ni da ake koya wa yadda ake tafiyar da yara. Kai nake so in buga, sai na ɗauki yarinya na buge ka da ita. Kishi ne, Yaya, ba wani abu ba, kuma har yanzu da nake rubutun nan bai gama fita ba. In na tuna tana ce maka kawo noti sai in ji wani abu ya tokare mini ƙirji. Amma gara ya tokare ni da ya tokare ta.

Na je na ba malamar nan ta kwaleji haƙuri, na ce an fasa. Ka ce wa Anti ta mayar da kayan inda suke. Kurciya tana nan wurinku har in gama.

Ba zan ce maka school biyar ba ne, don ba biyar ba ne, kuma ranar gwaji huɗu za ta ɗaga. Amma ƙirgenka ba ƙarya ka yi ba, abin da bakinka ya faɗa shi ka ƙirga daidai. Bakin za mu gyara. Ka sauko da gwangwanin. Ka sa ta zama malamarka, ta faɗa kana bi, har ka iya haɗa na farko da na biyu ba ka cusa komai a tsakani ba. In ta ga kai da kanka ka turo noti huɗu, ba sauran wanda za ta zaɓa.

Kuma ga wani abu, da ƙyar nake rubuta shi. Ka wanke hannu da sabulu ka riƙe hannunta na dama, ka buɗe mata yatsun ɗaya bayan ɗaya. Daga ƙaramin ake farawa, kuma a na ƙarshe sai ka ɗan sosa tsakiyar tafin. Wannan namu ne ni da ita, ban taɓa son kowa ya sani ba. Na ba ka.

Ka karanta mata wannan:

"Kurciyata, Baba ne. Takardar can ta farko Baba bai rubuta daidai ba, ki yaga ta. Ko kin ɗaga huɗu, ko biyar, ko ba ki ɗaga komai ba, zan dawo. Hannuwan duka naki ne."

Haƙorin ka riƙe. Ka ajiye mini na biyu.

Ƙaninka.

*

Bature,

Wa alaikumus salam. Kowa lafiya. Antinka ta ce in gaya maka ta huce, amma ka shirya kunnuwanka ranar da ka zo.

Kai, ka haɗa ni da muguwar malama! Ba ta da sassauci ko kaɗan. Ta zaunar da ni a kan taya, ta hau benci da sifanar kwance noti a hannu tana nuna bakina. In na ce sukul ta ce, "Sake!" Na sake har na ciji harshe, masu kawo gyara suna ta dariya, ɗaya ya ce in bar Turancin nan kafin ya kai ni asibiti. Sai da na koma ina huci kamar tayar da ta yi faci kafin abin ya fito. Ranar da ya fito na turo noti huɗu, ta ƙirga da kanta ta sake ƙirgawa, sannan ta yi tsalle ta faɗo mini a wuya. Bayan nan dai sai haƙuri.

Takardarka ta farko ba ta yaga ba. Ta ce rubutun Baba ne, ta sa a ƙarƙashin matashi tare da ta biyun.

Na wanke hannu har sau uku na yi yadda ka ce. Da na zo sosa tafin ta fizge hannun ta zuba mini ido, ta ce wa ya gaya maka? Na ce mai shi. Sannan ta miƙo hannun. Ta yi dariyar, amma ta ce kai ka fi iyawa, wai yatsuna kaushi.

An sake gwajin. Hannu ɗaya ta ɗaga, huɗu, ta wuce aji na gaba.

Jiya da yamma muna rufe gareji ta ce in faɗi Baba a hankali, za ta ƙirga. Na faɗa. Ta ƙirga a wannan hannun, ta ƙirga a wancan, ta ɗaga duka biyun, huɗu da huɗu. Ta ce, "Wannan kam babu faɗa."

Na zura ido sosai don in ga wanda za ta fara ɗagawa, ba zan ɓoye maka ba. Dama ta fara ɗagawa. Na gani, ya kuma yi mini zafi, na so in bar shi a cikina. Amma naka ne, shi ya sa na rubuto maka.

Haƙori na biyu ya fara girgiɗi. Ka yi sauri ka zo, ta ce ba mai taɓa shi sai kai.

Yayanka.